Kufan da Kawu Bala Ya Ɓoye

Yau shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Kawu Bala, ƙanin mahaifiyata, Allah Ya jiƙansa. A shekarun baya addu'a kawai nake yi masa in kama bakina. Bana kuwa dole ta sa na ɗauki alƙalami, domin wata ƙarya da ya yi a gabana, ni kuma na taya shi da shiru, ta taso tana neman cinye abin da aka yi ta dominsa.

Ƙauyenmu yana gindin wani dutse ne tsakanin Birnin Kudu da Gwaram. A samansa, ta ɓangaren gabas, akwai kufai inda kakanninmu suka zauna suka yi noma zamanin da ake gudun hari, kafin hankali ya kwanta su sauko. Baƙo zai ratsa wurin ya ce duwatsu ne da sabara kawai. Kawu kuwa gida-gida ya san shi. Zai nuna maka duwatsun da aka jera a zagaye inda rumbu ya zauna, da dogon layin da aka shirya don ya tare ƙasa kada ruwa ya wanke gona, da ramukan niƙa a kan falalen dutse waɗanda hannun mata ya goge har suna santsi. Duk bazara, kafin ruwan farko, sai ya ɗauki tsintsiya ya hau, ya share ramukan, ya tayar da dutsen da ya faɗi, ya yi wa mamata addu'a ya sauko. Masu tsegumi suka ce tsafi yake yi. Ya ce su je su tambayi liman ko shara haramun ce.

Kawu mutum ne da in ka gaishe shi sau biyu a rana zai tambaye ka me kake nema. Da dalilinsa. Yana saurayi ruwa ya tono tukwane biyu a kufan, lafiyayyu, ko tsaga babu. Wasu mutane suka zo da mota suka ce gwamnati ce ta aiko su, suka ɗauki ɗaya da sunan za a duba a dawo da ita. Har ya koma ga Allah ba a gama dubawa ba. Ta biyun da bai nuna musu ba, sai ya binne ta a tsakiyar wani gindin rumbu kusa da tsohuwar kuka, kuma ni kaɗai ya gaya wa, shi ma sai da ciwon ajali ya kwantar da shi.

Ina aikin malamin gona a lokacin da masu binciken kayan tarihi suka zo daga wata jami'a, shugabarsu wata mace, Malama Hadiza. Dagaci ya haɗa su da Kawu, ya ce ni ma in raka su. Muna isa inda hanya ta rabu biyu sai Kawu ya karya yamma. Na buɗe baki, ya take mini ƙafa. Ya kai su wani fili inda makiyaya kan sauka da damina, wurin da ba komai sai 'yan duwatsun murhu da fasassun tukwanen da ba su girme ni ba. Kwana uku suka yi suna awo suna rubutu. A rana ta ƙarshe Malama Hadiza ta dube shi.

"Baba, shi ke nan? Ta gabas fa?"

"Gabas ai macizai ne da gwaggon biri, 'yar nan. Ni ba ni kai ki."

Da suka tafi ya ce mini, "Idi, wanda ya auna abu yau, gobe mota zai turo. Kada in ji, kada in gani." Na ce to. Gaskiya ma a ranar har burge ni ya yi.

To, motar ta zo, Kawu, amma ba irin wadda ka yi tsoro ba. Watan jiya masu fasa dutse suka bayyana da takardarsu. Suna da ladabi ƙwarai, irin ladabin da da kana nan da ka je ka ƙirga awakinka. Suka ce su ba sa taɓa tarihi, rahoton masana ya nuna kufan yana yamma, don haka sun kewaye yamma da waya, har da allo. Na tsaya ina kallon murhun makiyaya a cikin shinge kamar kabarin waliyyi, ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Gabas kuwa, tun da takarda ta ce babu komai, sun bi ta da jan fenti suna yi wa duwatsu alama.

Na je wurin dagaci, ɗan wancan na da. Ya bar ni na gama bayani tsaf, sannan ya ce, "Malam Idi, ai kawunka ne da ƙafarsa ya nuna musu yamma, kuma kana wurin. Yau kuma ya zama maƙaryaci?" Ban yarda bai san gabas ba, tun da a nan ya yi farautar gafiya yana yaro. Amma ya san inda zai kama ni, kuma ya kama ni. In na yi shiru nakiya ta tashi da kufan. In na yi magana na tona wa mamaci asiri, na kuma buɗe hanya ga masu haƙa da ke yawo da buhu suna neman abin sayarwa.

Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da ya ga wannan. Ba zai ce ya yi kuskure ba, wannan na tabbata, domin ban taɓa jin kalmar a bakinsa ba. Zai ce masu awon da masu fasawar bakinsu ɗaya tun farko. Ni ma zuciyata ta raya mini haka, don ban san yadda rahoton da aka rubuta a jami'a ya faɗa hannun masu nakiya ba. Duk da haka na nemi lambar Malama Hadiza na kira ta. Ta tsufa, amma ta tuna. Ta ce, "Tsohon nan da yake magana da mu yana satar kallon gabas? Na san ya ɓoye mana wani abu. Na rubuta abin da aka nuna mini ne." Ta ce za ta zo ranar Asabar da mutanenta, in abin da na faɗa gaskiya ne za ta rubuta wa hukuma a dakatar da aikin. Saurin amincewarta ma sai da ya tsaya mini a rai.

Shekaranjiya na hau da tsintsiya, karo na farko tun rasuwar Kawu, kuma na ji kunyar hakan. Ramukan niƙa sun cika da ƙasa da kashin awaki. Na share su ɗaya bayan ɗaya, gwiwoyina suna ƙara. A kan wani dutsen rumbu da na sha ganin Kawu yana tayarwa da hannunsa, ga jan fenti nan ɗanye. Na zauna na yi kuka, na kuma yi fushi da shi, fushin da ban taɓa yarda na yi ba yana da rai.

Bai bar gida na a zo a gani ba, gonarsa ma an raba. Abin da ya rage nasa shi ne duwatsun nan da suke tsaye saboda shekara arba'in yana tayar da su, da kuma wannan hali na rashin yarda da ya zuba mini ban sani ba. Ranar Asabar, in Allah Ya kai mu, idan muka isa inda hanya ta rabu, gabas zan karya. Ka yafe mini, Kawu, zan nuna mata gonakin da rumbunan da ramukan niƙa, ta auna son ranta. Amma idan aka zo gindin rumbun nan na kusa da kuka, zan ce ƙafata ta gaji, in shimfiɗa buzuna a tsakiyarsa in zauna, kuma ba zan tashi ba sai na ji ƙarar motarsu ta ɓace a hanyar Gwaram.