Sarƙar Azurfa Cikin Curin Gabu

Duk ranar da anka soya gabu cikin gidan nan sai in aje abin da nake yi in yi ta dariya ni kaɗai, har jikokina su ce tsohuwa ta fara zance da iska. Ba iska ba ne. Ƙamshin ne yake ɗaukata ya dire ni garinmu na bakin fadama, tahiyar rabin yini daga Madawa, ina ɗiya 'yar shekara tara, ga ƙafafu kamar kara, ga rawar kai. In ba ka san gabu ba, ganyen albasa ne ake dakawa, a cura shi dunƙule-dunƙule, a shanya, a riƙa sa wa miya har shekara ta zagayo. Mu mutanen fadama da shi munka buɗe ido.

Kakata, mahaifiyar babana, ita ce idon garinmu a kan azurfa. Ba mace da za ta sai munduwa ko zobe ba ta biyo ta ɗakinta ba. Ran kasuwa akan zo da jaki har ƙofar gida a ɗauke ta, a dawo da ita da goro ƙunshe a bakin zane. Wannan shi ne sarautarta, kuma tana ji da shi, ba ta ɓoyewa. To amma a shekarun da nake ba ka labari, yana ta fara rufe mata ido. Sai ta kira ni da sunan yayata, sai ta zuba gishiri inda za ta zuba kanwa. Gwaggona, ɗiyarta ta fari, mace mai baki kamar reza amma mai son mutane, ta fara cewa a bar tsohuwa ta huta da zancen kasuwa. Kaka ta ji, ta yi kamar ba ta ji ba.

Shekarar nan albasa ta yi albarka, Inna kuma ta haifi ƙanena. Baba, mutumin da ba ya son yawan magana, ya wayi gari ya ce zai sai mata sarƙar azurfa ta sa ranar da ta gama wankan jego. Lokacin yaƙin Turawa ne, kantuna sun bushe, zane ma sai an sha wuya, amma maƙeran fari na Madawa ba su rasa tsofaffin daloli na narkawa ba. Gwaggo ta ce ita za ta raka shi zaɓe. Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Da tsohuwa za ni." Ni anka ce in bi su in riƙe mata hannu, daɗi kamar ya kashe ni.

Rumfar maƙerin tana can gefen kasuwa, bayan masu sayar da tabarmi. Dattijo ne Buzu mai baƙin rawani, sun san juna da Kaka tun ba a haifi babana ba, gaisuwarsu kaɗai ta isa a dafa fura. Ya shimfiɗa fata ya zuba sarƙoƙi huɗu. Ni tawa ta riga ta fita, wata mai kauri mai walƙiya kamar ta makantar da mutum. Kaka ko juyowa ba ta yi ba. Ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya ta dunƙule cikin tafin hannu, ta ce azurfar kirki ba ta daɗewa da sanyi, nan take take ɗaukar ɗumin mai ita. Ta sa a harshe. Ta ce ya ba ta guntun da ya rage daga narkin kowacce, ta sake shi bisa uwar maƙera, ta karkata kunne. Mai walƙiyar nan tawa ta ce "ƙwas", Kaka ta ture ta gefe da bayan hannu.

Ta ƙarshe siririya ce, ba ta cika ido ba. Kowace ƙwaya tata kusurwa huɗu gare ta, an lanƙwasa ta kamar ɗan akwati, wannan ya shige cikin wancan har ƙarshe. Maƙerin ya ce wata guda ya yi a kanta, kuma ba zai sake irinta ba don idonshi ya sha wuya. Kaka ta ja ta tsakanin yatsu biyu a hankali, daga ƙugiya zuwa ƙugiya, tana neman inda za ta karce ta. Ta ja ta bisa gefen zanenta ko za ta kama zare. Ta ɗaga ta sama ta sako ta cikin tafina, sai na ji ta taru kamar an zuba mini ruwa.

"Kin ji?" in ji ta. "Wadda ta ƙage a hannu, a wuya ma za ta ƙage. Wannan mai ɗaki-ɗakin ita za mu ɗauka."

Da munka dawo ta naɗe ta zagaye-zagaye, don irin wannan ba a ƙulla ta, ta sa cikin farin ƙyalle, ta aje can ƙasan adudunta. Sauran kwana goma sha biyu Inna ta fita.

To, ka san an ce ido ba mudu ba amma ya san ƙima. Ni nawa idon ya san inda adudu yake. Na ba ƙawayena labarin sarƙa har bakina ya gaji, ɗaya cikinsu ta ce ƙarya nake, wai ba a yin sarƙa mai ɗakuna. Kai, maganar nan ta tsaya mini a wuya! Ranar da za mu dakan gabu a garkar Baba, na faki idon Kaka tana alwala, na zaro sarƙar na ɗaura a ƙugu tare da jigidata, na rufe da zane. Niyyata in nuna masu in maido kafin azahar, Allah ya sani.

Ranar dakan gabu rana ce ta daɗi. Turame jere a inuwar gawo, 'yan mata na luguden taɓarya suna waƙa, ido na hawaye baki na dariya, hannuwa sun yi kore shar. Na ja ƙawayena bayan shinge na hiddo ta. Kowacce ta sa a wuya ta yi taku uku irin na amare, mai ƙaryata ni ta ce ta tuba. Muna cikin haka sai ga muryar Gwaggo dab da mu, tana faɗan ina 'yan cura sunka shiga. Sarƙa na hannuna, zanena ya kwance, ba wurin sawa. Sai na dumbuzo dakakken ganye cikin ƙwarya, na tura ta ciki, na cure. Gwaggo ta iso ta tarar da ni ina aiki kamar ɗiyar kirki, har ta yaba girman curina. Ta tsaya kaina sai da na aza shi bisa tabarmar shanya tare da sauran. Na danna mashi babban yatsa don in gane shi.

Abin da ban sani ba, kowa ma yana danna yatsa. Washegari na dawo na iske tabarmi shida cike da curi, kowane da ramin yatsa a ka. Kwana uku ina zarya garka, ina cewa tsuntsaye nake kora, ina ɗaga curi ina auna nauyinshi a hannu. Na fasa sun fi ashirin, na ce awaki ne. Ran na uku na same ta. Na ɓare curin. Sarƙa ta yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Na wanke ta bakin rijiya har yatsuna sunka yi yaushi, ganyen ya fita, baƙin ya ce yana nan. Na naɗe ta yadda na gan ta, na maida cikin adudu, na ce hala duhu ya gyara abin da rana ta ɓata.

Ranar fitar Inna gida ya cika da mata tun hantsi. An yi fura, an yi tuwo, an yi wa Inna kitso da lalle, ta fito fes da jinjiri a kafaɗa. Kaka ta sa anka ɗauko adudu tsakar gida, ta zauna bisa tabarma tana ta murmushi, ta warware ƙyallen da kanta ta ɗaga sarƙar sama don kowa ya gani. Ita ba ta ga abin da ta ɗaga ba. Guɗar da anka fara ta tsinke a tsakiya.

"Ashsha!" in ji Gwaggo, ta juya wurin Kaka. "Tsohuwa, mi kinka sawo muna? Kwana goma sha biyu ta koma haka? Wannan ai dalma ce anka shafa wa fari. Ban ce a bar ki ki huta ba?"

Anka kira Baba daga zaure. Ya duba, ya ce a ɗaura wa jaki akumari da asuba, zai koma wurin maƙerin. Mata sunka fara 'yan ƙus-ƙus, na ji wata na cewa dama munduwar da tsohuwa ta zaɓa mata bara ba ta kwanta mata ba. Na dubi Kaka. Murmushin ya tahi. Ban taɓa ganin ta ƙanƙance haka ba, kuma ni na jawo.

Sai ta ja sarƙar tsakanin yatsunta, kamar yadda ta yi a kasuwa. Ta kai ta hanci. Ta daɗe tana shinshina. Can na ga gefen bakinta ya motsa.

"Ke 'yar rakiyata," ta ce, "zo ki kai ni bayan ɗaki."

Da munka kewaya ta riƙe wuyan hannuna, ba da ƙarfi ba. "Yo ni tunda nake ban taɓa jin azurfa ta yi noman albasa ba, sai wannan." Na fashe da kuka. Ta ce, "Yi shiru, majinar ba ta wanke ta. Ina iya cewa adudu ne ya yi laima, ba wanda zai taɓa ki. Sai dai daga yau a ce tsohuwa ba ta iya zaɓe ba, ajiya ma ba ta iya ba, a kuma je a ci mutuncin dattijon da bai ci muna komi ba. Ni ba ni tona ki. Bakinki naki ne."

Ban san inda na samo ƙarfin ba. Na fito tsakar gida na tsaya gaban Baba, na faɗi komi, daga jigida har awakin da na yi wa ƙazafi. Da na kai wurin danna yatsa sai Inna ta kasa riƙewa, ta tuntsire da dariya har jinjiri ya farka. Gida ya ɗauka. Gwaggo ta riƙe ciki tana cewa, "Ni da bakina na yaba curin!" Baba ya juya baya yana gyaran rawani, kafaɗunshi na girgiza.

Kaka ta ce dariya ba ta isa shaida ba, a aza ruwa. Ta sa na jiƙa tsamiya na tafasa, anka tsoma sarƙar har ruwan ya huce. Ta sa na tace tokar karan hatsi da ƙyalle sau biyu, don yashi ko ƙwaya ɗaya yana karce azurfa. Ta tauna bakin sabon asuwaki ya yi laushi ta miƙo mini, ta ce ɗaki-ɗaki zan bi, kowane da kusurwarshi huɗu, tunda ni na kai masu baƙo. Mata sunka kewaye ni, ina gugawa ina shan majina. Daga azahar sai da la'asar ta yi sanyi. Anka ɗauraye da ruwan rijiya, na tsane ta da farin ƙyalle har ba sauran laima. Da na ɗaga ta, hasken yamma ya bi ta ɗaki-ɗaki, guɗar da ta tsinke da hantsi ta dawo da ƙarfinta.

Kaka ta sa wa Inna da hannunta, ta lallubo ƙugiyar ba wanda ya taimake ta. Sannan ta juya wajen da take jin muryar Gwaggo ta ce, "Ta gaskiya takan yi baƙi ta dawo. Ta ƙarya in ta tahi ta tahi ke nan." Gwaggo ta durƙusa ta ce a yi mata aikin gafara. Ran kasuwar da ta biyo, jakuna biyu na tarar ƙofar gida suna jiran tsohuwa. Hukuncina kuwa, duk jajibirin Juma'a ni ke wanke sarƙar, in hana ta kusantar albasa da ƙwai da turare, in tuna wa Inna ta tuɓe ta kafin wanka. Sunan 'Yar Gabu kuma ya bi ni har ɗakin mijina.

Yanzu sarƙar tana wurina. Garinmu ya zama gari, babura na kai mutum Madawa kafin fura ta yi tsami, rumfar maƙerin ta zama kantin kayan zamani. Jikokina na sawo sarƙoƙin inji masu ɗaki-ɗaki a kan tebur, sun fi tawa daidaito, ba wanda ke sa su a harshe, in sun koɗe a yar a sai wata. Nima yanar ta zo mini, da yatsa nake gane ƙwayar hatsi da tsakuwa.

Sallar da ta wuce na buɗe adudu, na ji naɗin ba irin nawa ba ne, an ƙulle ta ƙulli biyu. Na kai ta hanci, sai ƙamshin turaren fesawa, irin na autar jikokina mata, wadda ta je bikin ƙawarta kwana biyu kafin nan da mayafi rufe har haɓa. Na ji ta tsaye bakin ƙofa, ko numfashin kirki ba ta yi. Na daɗe ina shinshina, don in ba dariyata lokaci ta kwanta.

Na ce, "Ke 'yar rakiyata, akwai tsamiya cikin gidan nan?"