Ranar da Aka Huda wa Dattijuwa Hanci

Duk wanda ya san Baba Ilu na Ƙanƙara ya san cewa idan kaka ta yi, kowa masara yake yi wa murna, shi kuwa totuwa yake nema. Sai ka gan shi tsugune inda mata ke murje masara, yana ɗaga totuwa ɗaya bayan ɗaya, ya auna ta da babban yatsa, ya shinshina, ya yar. Cikin buhu guda da ƙyar yake zaɓar biyar. Wadda inji ya casa kuwa ko kallonta ba ya yi, wai an karya mata ƙashi.

Baba Ilu wan mahaifina ne, kuma shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida da mahaifina ya rasu. Yana da wata tsohuwar mota fara da ya saya tun kafin a haife ni, yana kiranta Dattijuwa. Murfin tankinta na asali ya faɗi a hanyar Mabai shekaru aru-aru da suka wuce, daga ranar nan ya soka mata totuwar masara a bakin tanki, bai ƙara neman wani murfi ba. Idan ka yi masa magana sai ya dube ka da tausayi, ya ce, "Bar ta ta sha iska." Maganarsa ke nan a kan komai. Tuwo ya yi zafi, a bar shi ya sha iska. Mutum ya yi fushi, a bar shi ya sha iska.

Wata ranar kasuwa ya ajiye Dattijuwa kusa da masu hatsi, ya dawo ya tarar da akuya ta ɗora ƙafafu a jikin motar, ta zare totuwar tana tauna. Ya bi ta har wurin mai ita, wani dillali, ya ce a ba shi murfin tankinsa.

Dillalin ya ce, "Baba, wane murfi kuma? Totuwa ce fa."

"A bakin akuyarka totuwa ce. A jikin motata murfi ne."

Mutane suka taru ana dariya, dillalin ya je ya samo totuwa har uku ya kawo. Baba ya auna su ya ce duk ba lambar motarsa ba ce. A ƙarshe ya karɓi guda bisa haƙuri, ya kuma gargaɗi mutumin kada ya bari akuyar ta matsa kusa da wuta sai bayan kwana biyu.

Haka wani mai sayar da mai a gidan mai ya taɓa zare totuwar ya wurgar, yana zaton yara ne suka yi wasa. Baba ya kashe mota, ya fito ya zauna a kan benci, layi ya taru a bayansa ana ta hon. Sai da mutumin ya shiga kwata ya lalubo ta, ya goge da rigarsa, sannan Dattijuwa ta matsa.

Ni dai gaskiya abin nan yana ba ni kunya, kuma na daɗe ina haɗiyewa. Har lokacin da na tashi neman auren Rabi, 'yar wani Alhaji Barau a Sabuwa. An gaya mini Alhaji mutum ne mai tsanani a kan lokaci, an ce ya taɓa sallamar wasu masu neman auren yayarta saboda ya ce su zo bayan Azahar suka zo bayan La'asar. Mu ma bayan Azahar ya ce. Baba Ilu ne wakilina, kuma babu mai iya raba shi da Dattijuwa a irin wannan tafiya. Na yi ta hango mu mun tsaya a ƙofar gidan surukai da totuwa a tsaye a ƙugun mota, ƙannen Rabi suna leƙowa ta zaure.

Sai na aika aka sayo mini murfi na zamani, mai sheƙi, mai makulli. Da ya zo sai ya ƙi zama, don bakin tankin motocin da daban yake da na yanzu. Ana gobe tafiya na ce wa Baba zan kai Dattijuwa wanki in cika mata mai, na zarce da ita wurin Garba makanike. Garba ya goge kunnuwan bakin tankin da magagari, ya yanko roba daga tsohon tib na taya ya yi mata zobe, ya murɗa murfin har ya yi ƙara. Ya buga ƙirji ya ce, "Malam Sani, wannan ko iska ba ta isa ta shiga ba." Na ji daɗin maganar nan ƙwarai, har na yi masa godiya sau biyu.

Da safe Baba ya fito cikin babbar rigarsa ta Sallah, ya zagaya motar, ya tsaya a kan murfin. Ya daɗe yana kallo.

"Sani, mi ne ne wanga?"

"Murfi ne, Baba. Na saya maka."

"Ina hancinshi?"

"Hanci kuma? Murfi ne fa, Baba."

Ya gyaɗa kai, ya ce, "To. Ranarka ce, ba ni ɓata maka." Ya koma cikin gida, na gan shi ya ɗauko wani abu daga kwandon da ke rataye a zaure ya jefa a aljihu. Muka shiga mu uku, ni da shi da amininsa Malam Audu liman, da goro da alewa a baya.

Tafiya ta yi daɗi har muka shiga ƙasar Faskari. Mun ɗan wuce Daudawa sai Dattijuwa ta yi tari, ta yi wani, ta mutu murus. Na sauka na buɗe gaba ina taɓa wayoyin da ban san aikinsu ba. Bayan ɗan lokaci ta tashi da kanta, muka yi tafiyar da ba ta fi a sha ruwa ba, ta sake mutuwa. Sau uku ana haka. Rana ta take, kuma kowa ya san hanyar nan a shekarun nan ba wurin tsayawa ba ce. Malam Audu ya ciro carbi. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini sabuwar shadda, ina jin Rabi tana zame mini daga hannu.

Baba yana zaune a bayan sitiyari, hannu a kan ciki. Na ce, "Baba, don Allah me ya same ta?"

"Kai in an toshe maka hanci aka ce ka sha fura da kara, kana iyawa?"

Nan na fara ganewa. Mai yana fita daga tanki, iska ba ta samun hanyar shiga ta maye gurbinsa, sai tankin ya riƙe sauran ya hana. Totuwar da nake jin kunya, ta cikin 'yan ƙofofinta motar take numfashi duk shekarun nan.

Baba ya zaro totuwa daga aljihu ya miƙo mini. "Buɗe ka sa mata."

Na laluba aljihun dama, na laluba na hagu. Wallahi babu. Makullin yana aljihun rigar da na cire jiya, tana rataye a ƙusa a Ƙanƙara.

Malam Audu ya ce, "Inna lillahi." Baba kuwa dariya ya yi, irin wadda ba ta da sauti sai kafaɗu. Ya ce, "Ka kulle ta don kada ɓarawo ya sha, ga shi mai ita ma ba ya sha." Ya buɗe aljihun mota ya ɗauko ƙusa, ya tsinci dutse a bakin hanya, ya ɗora ƙusar a gefen murfin. Bugu biyu ta shige.

"Ashe ma roba ce aka shafa wa kwalliya," in ji shi.

Yana zare ƙusar muka ji fiiii, tankin yana zuƙar iska. Baba ya shafa jikin motar ya ce, "Sannu, Dattijuwa. An huda maki hanci da tsufanki, sai a nemo maki ɗan kunne." Murɗa ɗaya ta tashi.

Mun isa Sabuwa ana shirin kiran La'asar. Alhaji Barau yana zaune a zaure da 'yan'uwansa biyu, fuska a ɗaure, ya amsa sallama a taƙaice, ya dubi agogon hannunsa sau biyu don mu gani. Ni an bar ni a bakin ƙofa, amma ina jin komai. Baba ya sa hannu a aljihu zai ciro goro na gaisuwa, sai ga totuwar da na mayar masa ta faɗo tsakiyar tabarma.

Alhaji ya ce, "Malam Ilu, wannan fa? Cikin kayan neman auren take?"

Na yi ta addu'a Baba ya rufa mini asiri. Ina! Ya kwashe labarin kaf ya faɗa, har da makullin da ke rataye a ƙusa, har da yadda na buɗe gaban mota ina taɓa wayar hon. Alhaji ya ɗauki totuwar yana jujjuyawa. Ashe shi ma tsohon direban babbar mota ne.

Ya ce, "Ta farar masara ce wannan. Ai ta ja ta fi riƙe baki."

"Ta ja tana shan mai, Alhaji. Kwana goma ta ruɓe."

"Ba a dai iya busar da ita ba."

Suka yi ta musu har aka kira salla, aka dawo suka ɗora. Malam Audu ne ya yi gyaran murya ya tuna musu abin da ya kawo mu. Alhaji ya ce, "Au, yaron? Wanda ya tashi a hannun mutumin da ya san totuwa haka, na ba shi. Amma kada a damƙa mashi makullin gida." Yau shekararmu tara da Rabi, kuma har yanzu idan zan fita sai ta ce, "Malam, ka duba ƙusa."

Abin da ban taɓa tambayar Baba ba shi ne dalilin da ya sa bai mayar da totuwa ba. Mun dawo gida, makulli ya fito, na ce ya cire murfin ya yar. Ya ƙi. Ya ɗaure makullin da zare a madubin gaba, ya ci gaba da yawo da hudajjen murfin nan har ƙarshen ransa, yana kuma gaya wa duk wanda ya tsaya cewa totuwa ta fi shi sau goma. Duk kaka kuma yana nan yana zaɓen totuwarsa yana cika kwando.

Bayan sadakar bakwai, matarsa Inna Talatu ta kira ni ta ba ni makullin Dattijuwa, ta sauko da kwandon ta ajiye a gabana. Na ce, "Inna, me ya sa yake tara su, alhali ya daina sawa?"

Ta ce, "Kai yake tara wa. Ya ce yaron nan wata rana zai sake mance makulli, kuma ba ya nan balle ya huda mashi."

"To murfin fa? Tunda ba ya sonsa?"

"Wa ya ce maka ba ya so? In ya wanke mota, shi yake fara gogewa. Cewa yake ɗana ne ya saya mani."

Na ɗauki kwandon na fita, na zauna a cikin motar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Allah ya jiƙan Baba Ilu, ya yafe masa kurakuransa, ya saka masa riƙon maraya da ya yi. Ya yalwata masa kabarinsa, ya buɗe masa ƙofa daga Aljanna, iskarta ta riƙa shigo masa har ranar da za mu tarar da shi. Amin.