Irin Tumatir da Na Sayar wa Yayana

A shekarar da tsutsa ta cinye tumatir tun daga Kura har Bunkure, ni manomin rani ne kamar kowa. Ina da gona ɗaya da na gada a bakin kanal, wato babbar magudanar ruwan noman rani, gab da ta yayana Bulus. Mu Kirista ne, mahaifinmu ne ya fara shiga coci a gidanmu. Ba na sha, ba na faɗa, ran Lahadi ni nake kaɗa ganga a wurin sujada. Ban iya karatu ba a lokacin. Wannan da kuke karantawa da hannuna na rubuta shi, a hankali, cikin makonni uku.

Da tsutsar ta gama da mu, sai na koma yi wa wani mai sayar da iri dako ran kasuwar Bunkure. A nan na ga yadda abin yake. Ƙaramin manomi ba ya iya sayen gwangwanin iri sukutum, sai a buɗe a auna masa da murfin kwalba. Ba wanda yake tambayar abin da ke ciki. Idan ya ga gwangwani mai hoton tumatir, ya ga irin ja-ja-ja da magani, shi ke nan.

Na fara tsintar gwangwanayen da aka zubar. Na je inda ake watsar da ruɓaɓɓen tumatir na kwaso, na wanke 'ya'yan, na shanya, na rina su da jan garura. Da farko murfi ɗaya nake zubawa cikin na gaske guda biyar. Na ce wa kaina iri ai iri ne, duk zai tsira. Kafin rani biyu babu ko ƙwaya ɗaya ta gaske a gwangwanina, kuma ina yawo da babur ƙauye-ƙauye har Garun Malam.

Addu'a ban daina ba. Kullum da safe mukan durƙusa ni da matata Hannatu, in ce, "Ya Ubangiji, ka buɗe mini kasuwa yau." Wata rana da muka tashi ta dubi farcena da suka yi ja ta ce, "Baban Talatu, kullum kana gaya wa Allah abin da zai yi maka. Ka taɓa tambayarsa ko abin da kake yi ya dace?" Na ce mata ta kula da tukunyarta. Gaskiyar magana, na san amsar da zan samu, shi ya sa ban tambaya ba.

Yaya Bulus shi ne mai raba ruwa a layin gonakinmu. Manoma tara ne, Musulmi da Kirista, suka zaɓe shi domin bai taɓa ƙara wa gonarsa ruwa ran da ba nasa ba. Wata Asabar ya shigo gidana da dariyarsa.

"Auta, an ce ka zama babban ɗan kasuwa, mu kuma muna can muna sayen iri a hannun bare. Ko ka fi ƙarfinmu ne?"

Na ce, "Haba Yaya, nawa ya kusa ƙarewa ne."

"To wannan buhun da ke bayan ƙofa fa, na ɓeraye ne? Na riga na gaya wa mutanen layi, na ce na ƙanena ne, su saki jiki. Ka auna mana mu tara."

Hannatu tana tsaye a bakin madafa tana kallona. Kalma ɗaya ce ta rage in faɗa. Amma idan na faɗa, yayana zai san ko ni wane ne. Na ɗauko murfi na fara awo.

Allah ya ba ni lokaci mai yawa bayan wannan. Sati huɗu irin ya yi a wurin raino, ban ce komai ba. Ran dashe ma na je na taya shi, muna cikin laka yana ba ni labarin yadda zai yi wa ɗakinsa rufin kwano. Na yi ta roƙon Allah ya sa irin ya yi kyau, wato ya rufa mini asiri. Ban je wurin fasto ba, ban je wurin dattawan coci ba, ko ɗaya ban nemi shawara ba.

Da aka fara tsinka, abin ya fito. Wani ƙanana, wani duk ruwa, wani ganye kawai. Wanda aka zuba a kwando kafin a kai bakin titi ya farfashe. Masu lodin Kudu suka taɓa da yatsa suka wuce. Gona tara, ranin shekara guda.

A gaban mai unguwa aka zazzage buhuna. Malam Sule, maƙwabcin gonar Yaya tun suna samari, bai ko dube ni ba. Sai ya dubi Yaya ya ce, "Bulus, ni ban san ƙanenka ba. Kai na sani." Yayana ya sunkuyar da kai. Da 'yan sanda za su tafi da ni ya matso ya ce, "Auta, ran dashe ka sani?" Na ce na sani. Ya juya ya tafi.

Wasu ma daga ƙauyuka suka kawo ƙara. Alƙali ya yanke mini shekara uku.

A gidan yari na fara koyon baƙi wurin wani tsohon malamin makaranta da ke ɗaure tare da mu. Abin da ya sa na dage, ina so in rubuta wa Yaya takarda da hannuna in roƙe shi gafara. Ina da jinkirin ganewa. Wata goma sha huɗu na yi kafin in iya haɗa layi biyar. Ran da Hannatu ta zo ziyara na miƙa mata takardar, sai ta ƙi karɓa. Ta ce an binne Yaya kwana tara da suka wuce. Tun da ya ajiye rabon ruwa bai sake zama cikin mutane ba, ciwo kuma ya same shi da damina. Na tambaye ta ko ya bar mini magana. Ta ce bai bari ba.

Na fito bara. Na tsaya gaban jama'ar coci na faɗi abin da na yi, suka yi mini addu'a. Na gaskata Allah ya gafarta mini. Ko Yaya ya yafe, wannan ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya. Yanzu ina yin dashe da cirar ciyawa a gonakin mutane, da yamma in je ajin yaƙi da jahilci.

Samari, ga abin da zan ce muku. Na ɗauka dabara ce hikima. Hikimar da ke zuwa daga Allah roƙonta ake yi kafin a sa hannu a abu, kuma a tsaya a ji amsa ko da ba ta yi daɗi ba. Duk sana'ar da ba za ka iya bayyana wa matarka ko dattijon cocinku yadda take ba, ka bar ta tun tana murfi ɗaya.

Abin da na rasa shi ne shekara uku, da gonar mahaifina da aka sayar, da amanar gida tara, da ɗan'uwa ɗaya, wanda ba ni da wani.