Habi Mai Banda da Kifin da Ta Hana Ɗanta

Duk wanda ya taɓa sayen bandar kifi a Goronyo ya san Habi, in bai san fuskarta ba ya san muryarta. Tun tana amarya take bandar tarwaɗa da karfasa, har hayaƙi ya rina mata idanu. Mace ce mai saurin faɗa da saurin dariya, wani lokaci ma a tare suke fitowa.

Autanta Yusha'u shi ke noman albasa a fadamar da mahaifinsa ya bari. Yana saurayi ciwo ya same shi, ya riƙa jin muryoyin da babu masu su. An zaga masu magani kafin a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa, inda aka ce sunan ciwon sikizofiriniya. Habi ta ce sunan kaɗai ya isa ya sa wa mutum ciwon kai. Da maganin asibiti muryoyin suka lafa, ya koma gona.

Sai dai tun farko wani mai magani ya gargaɗe ta cewa ƙarni ke jawo iskoki, kada yaron ya kusanci kifi, nama, ƙwai ko nono. Habi ta riƙe wannan gam. Shekara da shekaru tana ciyar da rabin gari kifi, ɗan cikinta kuwa daga kunu sai tuwo da miyar kuka lami. Ranar da ta kama shi yana leƙen kwandon kifi, unguwa duk sai ta ji.

Ana nan sai mantuwa ta kunno kai. Yusha'u zai ba fangalin albasa ɗaya ruwa, ya juyo ya sake ba shi, na gefensa kuwa ya bushe ƙayau. Albasa ta ruɓe. Baffansa Mode, wanda shi ne babba a gidan, ya zo ya zauna.

"Habi, ba ƙiyayya ta ba," in ji shi. "In bana ma haka ta kasance, sai in ba wani fadamar ga."

Hankalinta ya tashi ƙwarai, don ta san gonar nan ce ke tayar da ɗanta da safe.

Da suka koma asibiti ta zazzage wa likita komai. Likitar ta sa aka ɗibi jininsa, aka tarar wani bitamin da ƙwaƙwalwa ke buƙata ya yi ƙasa sosai. Ta ce ciwon kansa yana kawo mantuwa, amma wannan rashin yana ƙara ta.

"Inna, mi yaka ci a gida?"

Habi ta zana abin da ta hana shi, har da alfahari.

"Ke kuma mi sana'arki?"

"Bandar kihi."

Likitar ta dafe kai, ta ce ai bitamin ɗin a kifi da nama da ƙwai da nono yake. Habi ta ji kunya, ta ji haushi, sannan dariya ta ƙwace mata.

Aka yi masa allurai, aka ce kada ya bar maganinsa. Ranar da ta fara sa masa tarwaɗa a miya, Habi ta zauna ta tsura masa ido tana addu'a, tana jiran iskoki. Babu wanda ya zo. Yusha'u ya suɗe hannu ya ce, "Inna, da saura?"

Mantuwar ba ta tafi duka ba, har yau yakan baro hularsa a masallaci. Amma da albasa ta kusa isa, Mode ya nufi fadama ba sallama, Habi ta bar wuta ta bi shi a ɓoye. Mode ya tarar da Yusha'u a can, ya nuna masa wani fangali da sanda.

"Wanga hwa?"

"Na ba shi da sahe, Baffa. Wancan na daina ba shi, ganyenai ya kwanta, albasar ta isa."

Mode ya tsuguna ya cusa yatsa a ƙasa. Da ya miƙe ya ce, "Baɗi ka haɗa da nawa na gehe."

Daga bayan masara Habi ta manta ɓuya take yi, ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, hawaye na zuba.