Fangalin Pa Bunruen

A duk ƙauyenmu na bakin teku, can gefen Samut Sakhon, mutum ɗaya ce ta rage da take yin gishiri a kan tsurar ƙasa, ita ce Pa Bunruen. Pa muke ce mata, wato goggo, ko da yake ba ta haɗa jini da kowa a cikinmu ba. Gonarta na manne da tawa, shekara talatin muna raba ruwan kwata ɗaya, muna kuma faɗa a kansa.

Mu sauran tuni muka shimfiɗa baƙar leda a fangalolinmu. Gishirin ya fi fari, ya fi saurin kamawa, kuma babu wahalar jan gungumen daɓe kowace shekara. Ita ma ta so ledar, kada wani ya yi muku ƙarya. Har ta je ta tambayo farashi, sai ga Malam Sanit na makarantar firamare ya iso da madubin hangen nesa, ya tsaya a kan kunyarta yana rawar jiki.

Wani ɗan tsuntsu ya gani, bai kai dunƙulen hannu ba, bakinsa kamar cokalin shayi. Wai 'yan ɗaruruwa suka rage a duniya, kuma daga ƙasar ƙanƙara yake tasowa duk rani ya sauka a nan. Ba ya kiwo a kan leda. Taɓo yake so, da ruwan da bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, kuma a fangalin Pa na uku kaɗai ake samun haka.

"To in dafa shi ko in soya?" in ji Pa.

Malam bai yi dariya ba. Lokacin ana shirin cike gaɓarmu a kafa masana'anta, mun yi ta kai kuka ba wanda ya saurare mu. Da hoton tsuntsun ya fita a jarida, sai ga manya da motoci, aka dakatar da aikin. Muka kafa ƙungiya, muka buga riguna, muka gina gunkin tsuntsun da siminti a mashigar gari, ya fi saniya girma. A allon da ke gefensa aka manna hoton Pa da malafarta tana murmushi. Ni na san ba murmushi ba ne, rana ce ta dalle mata ido.

Tun daga nan shekara goma sha ɗaya ba ta da ikon kanta. Kowace safiya sai ta shiga ta tsoma yatsa a fangali na uku, ta ɗaga katakon bakin ruwa ko ta sauke. Gwiwoyinta suka kumbura, gishiri ya tsattsage mata dunduniya. Mu da muka tafa mata a taro, babu wanda ya yaye ledarsa, har da ni mai ba ku labari. Ina jin kunyar wannan, amma ban yaye ba.

'Yarta Wanphen tana aure a arewa, ta haihu har sau biyu, kullum a waya tana roƙo: "Mama, ki taho ki huta, ɗaki na nan na gyara miki." Duk lokacin da Pa ta kawo zancen a ƙungiya, sai Malam Sanit ya haɗa tafukan hannu ya sunkuyar da kai.

"Pa, in kin tafi tsuntsu ya tafi. In ya tafi, masu masana'anta sun dawo."

"Kai Malam, ni na haife shi ne? Jikokina ba su san ƙamshina ba, amma Turawan da ke zuwa kallonsa sun san lambar takalmina!"

Bana sai tsuntsun bai zo ba. Rani ya kama, baƙi suka zo da madubansu suka koma hannu rabbana. Malam ya rame. Pa kuwa ta soma cin abinci da daɗi, har na ji tana waƙa a bayan rumbun gishiri. Ta tsaya a gaban ƙungiya ta ce in sabuwar shekara ta shiga bai zo ba, ta sauke nauyi. Ba wanda ya iya musa mata.

Ranar biyu ga watan farko na sabuwar shekara da hantsi na zo da babur zan kai ta tasha. Jaka ɗaya gare ta, da ƙullin busasshen kifi na jikoki, da ledar gishirinta. Mun bi kunya muna tafe a hankali, daidai fangali na uku ta danƙe mini kafaɗa.

Yana nan. Shi kaɗai a gefen taɓo, yana ta kaɗa cokalin nan nasa hagu da dama, ko a jikinsa.

Babu kowa a wurin sai mu biyu. Na kashe babur.

"Yong," ta ce da ni, "ba ka ga komai ba."

"Ni dama idona ba shi da kyau, Pa. Mu tafi, mota ba ta jira."

Da gaske nake. Da na rufe bakina har kabari, don na fi kowa sanin abin da muka ci a jikin matar nan. Na sa ƙafa zan tayar, sai na ji ta sauka. Ta daɗe tana kallonsa, tana zaginsa ƙasa-ƙasa, zagin da ban taɓa ji a bakinta ba.

"Dubi shegen, ruwa har cikinsa. Kwana uku ban duba katako ba. Ta yaya zai ci abinci a haka?"

"Bari in ɗaga miki."

"Kai? Mai leda? Ka san gaɓa biyu?"

Ta tuɓe takalmin tafiyarta, sabo fil, ta ajiye a kan jakar. Ta naɗe zani ta shiga taɓon tana ɗingishi, ta tsuguna ta tsoma yatsa. Wayarta ta hau ruri a cikin jaka, sunan Wanphen a jiki.

Ba ta juyo ba ta ce, "Ɗauka, Yong. Ka ce mata baɗi."