Ƙarafan Ragar Baba Mai Walda

A unguwarmu babu mai kiransa da sunan yanka. Baba Mai Walda kowa ya sani. Shi ya kafa ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Tartsatsi tun ina koyarwa a makarantar da ke kallon shagonsa, kuma ni shaida ne cewa filinta juji ne a da, matattarar fasassun kwalabe da mushen karnuka. Da shebur da baro shi da samarin layin suka kwashe shi. Babu hukumar da ta ba su ko tsintsiya.

Tartsatsi ba ta taɓa cin kofi ba. 'Yan wasanta teloli ne da direbobi da masu gyaran takalmi, rigunansu kuwa matar Baba ce ta rina a bahon wanki, shi ya sa babu biyu masu launi ɗaya. Amma filin nasu ne, suna ji da shi.

Ƙarafan raga na farko ɓarayi suka tumɓuke. Sai Baba ya ƙera na cirewa da bututun ruwa, ya kafa doka: in an tashi atisaye da yamma, ɓangaren da aka ci shi zai saɓa ƙarafan a kafaɗa zuwa shago. Wanda ya fi kowa shan wannan dako shi ne wani mai tsaron raga da suke kira Kwando, don ƙwallo ba ta zama a hannunsa. In yana tahowa za ka ji ana cewa, "Ku ba shi hanya, ga mai kayan ya iso!"

Kwando ya bar ƙwallo, ya shiga kwangila, ya yi tumbi. Wata safiya ya kawo ma'aikatan filaye. Suka duba, babu raga, babu alama, sai fili fetal, suka yanke cewa kango ne marar amfani. Wa ya fi Kwando sanin cewa da safe ƙarafan suna jingine a shago? Da a ce da yamma aka kawo su, da sun tarar da rabin unguwa a wurin. Wannan ba rashin sani ba ne, cin amana ne da aka zaɓa wa lokaci.

Mun je ofis, ni da Baba. Aka ce mu kawo shaida. Baba ya nuna tabon kwalba a tafin hannunsa, ma'aikacin ya ci gaba da danna waya. Kafin damina jerin shaguna ya tashi a tsakiyar filin.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru ne a gabana. Kwando ya tsayar da motarsa a bakin shagon Baba, ya ɗan rusuna.

"Baba, barka da aiki. Ƙofofin shagunan nan, na ce ba zan kai wa bare ba alhali kana nan."

Baba ya ɗage tabaran waldarsa. "Ka ce me?"

"Alheri na kawo maka, Baba. Ai ƙwallo ba ta ciyar da iyali."

"Kai dai ba ta ciyar da kai ba, tunda ko kama ta ba ka iya ba. Ka yanka mutum, ka dawo ka ce ya wasa maka wuƙa? Janye motarka, ta tare mini haske."

"Haba Baba, ni fa ɗanka ne."

"Ɗana ba ya zuwa fili da safe."

Kwando ya kai aikin wani layi. Tartsatsi ta koma aron filin wasu, inda sai masu wuri sun gaji sannan a ba ta ragowar yamma. Teloli suka fara janyewa, direbobi suka bi su. Ran wasansu na ƙarshe mutum tara suka fito, suka aiko a kira Baba. Ya ce a gaya musu yana da aiki. Ina zaune a bencinsa har rana ta faɗi, ban ga ya kunna inji ba.