Na danna Y a kwamfutar Oga

Jama'a, kwamfutar Oga ta cinye kanta a gabana yau!

Kun san ofishinmu na masu auna filaye a Jabi. Oga ya ce in ɗora masa sabuwar manhajar zana taswira a babbar kwamfutar teburinsa. Babu wadda aka riga aka haɗa, dole na sauko da sos kod, wato asalin rubutun manhajar, in gina ta da kaina.

Na fara, ta ce babu wata laburare, wato ƙaramar manhajar da take dogaro da ita. Na ɗora. Ta nemi wata. Na ɗora! Ta sake neman wata, ta zubo dogon rubutu tana tambaya in ci gaba? Hannuna ya riga ya saba, na danna Y, wato eh, ban karanta ba.

Ashe cewa take sabuwar ba ta jituwa da tsofaffin, za ta goge su!

Ina kallo agogon sikirin ya ɓace. Foldoji suka ɓace. Linzamin kwamfutar ya ƙame. Sai baƙi ƙirin!

Madam Ladi sakatariya ta dafe ƙirji. "Wayyo! Taswirar filayen mutanen Karshi duka tana ciki fa, ba mu da kwafi!"

Innalillahi!

Sai ga Oga. "Sadiq, ka gama? Dattawan Karshi suna hanya."

Na ce, "Tana ɗan hutawa ne, ranka ya daɗe."

Ya ja kujera ya zauna gabanta yana jira.

Na sulale, daga banɗaki nake rubuto muku. Don Allah wanda ya iya ya kira ni yanzu, ga Oga yana ƙwanƙwasa ƙofa!